Doguwar Ƙuri'ar Clem Rowett

A duk yankinmu na Mullaroo babu mai ɗokin zaɓe kamar Clem Rowett, kuma babu wanda bai damu da wanda zai ci ba kamarsa. Mu sauran muna jefa ƙuri'a ne don doka ta ce dole, wanda ya ƙi a ci shi tara. Shi kuwa da ya ji rediyo ya ce gwamnati na tangal-tangal, sai ya tsayar da mota a gefen hanya, ya ƙara murya, ya saurara har ƙarshe. In aka ce 'yan majalisa sun shirya, rikici ya mutu, yini yake yi ransa a ɓace.

Aikinsa shinge ne. Tun yana saurayi aka damƙa masa wani yanki na dogon shingen ragar nan da ke tare dingo, karnukan daji, kada su gangaro kudu su shiga tumakin mutane. Ya bi shingen da mota har iyakar rabonsa, ya juyo ya biyo shi har gida. Inda wata dabba ta haƙa rami ya toshe, inda raƙuman daji suka ture ginshiƙi ya tayar, inda yashi ya binne ya tone. In ya gama sai ya sake farawa, don kafin ya dawo an sake wata ɓarnar. A haka gashin kansa ya yi fari. Gidansa na kwano ne, ɗaki biyu da tankin ruwan sama, daga shi sai wata karya mai suna Dolly.

Masu cewa Clem ba ya magana sun yi masa ƙage. Yana yi. Mai gidan mai ya shaida cewa duk zuwan da zai yi yakan ce "Cika." An kuma taɓa jin sa a wurin wata jana'iza ya ce "An yi zafi," kuma gaskiya ya faɗa.

Ya yi aure, a takarda ma har yau da aurensa. Valda sunanta, 'yar mai gidan burodin garinmu, mace ce da ko tunkiya ta gani a hanya sai ta gaishe ta ta tambayi 'ya'ya. Ranar bikinsu mutane suka ce ai an dace, ita ta yi maganar mutum biyu, shi ya yi sauraron mutum biyu. Haka kuwa aka yi na wasu shekaru. Sai suka sami ɗa, bai zo da rai ba. Washegarin dawowarsu daga asibiti Clem ya tashi da sassafe ya tafi shinge, wai raƙuma sun karya wani wuri. Ba rashin tausayi ba ne. Baƙin ciki ne ya cika shi har wuya, bai san inda ake sauke shi ba sai a jikin ginshiƙi da guduma. Amma Valda ba guduma take jira ba, kalma take jira, kuma ba ta zo ba. Ta ƙara haƙuri na wani lokaci, sannan wata safiya ta ce, "Clem, zan koma gari."

Ya ce, "To."

Ya ɗora mata akwatunanta a bayan mota, ya ɗaure su da igiya ɗauri mai kyau, irin wanda ko hanyar Mullaroo ba ta kwance shi. Ba a yi faɗa ba, ba a je wurin lauya ba. Mu da muke son mu ji wanda ke da laifi har muka gaji muka bari.

Valda ta karɓi aikin kai wasiƙu. Sau ɗaya a mako take zagaya gidajen gona na daji da farar motarta, da jakar wasiƙu, da maganin wannan, da tayar wancan, da labarin kowa. Akwatin wasiƙar Clem wani mataccen firiji ne da ya kafa a bakin babbar hanya, nesa da gidan ƙwarai. Takan jefa masa abin da ya samu a ciki, ta danna hon, ta wuce. Ta san ba ya jin hon ɗin daga gida, amma ba ta taɓa fasawa ba.

To, mu da ke nesa da rumfar zaɓe, a ambulan ake aiko mana da ƙuri'unmu. Sai dai ba a yarda ka cike kai kaɗai ba. Dole a sami wani baligi mai rajista ya ga takardun babu rubutu, ya zauna a wurin kana cikewa ba tare da ya leƙa ba, sannan ya sa hannu a jikin ambulan cewa kai ne. Da can Valda ke yi wa Clem shaida, shi ya yi mata. Zaɓen farko bayan rabuwarsu ya zauna da ambulan a kan tebur yana duban Dolly ta wancan zamanin, don duk karyar da ya samu sunan da yake sa mata ke nan, ita ma tana dubansa. Sai ya ji ƙarar mota a ƙofa. Valda ta shigo ba sallama ta ce, "Na san haka zan same ka. Wa zai yi maka shaida, karya? Ɗora ruwan shayi."

Tun daga ranar abin ya zama al'ada. Duk zaɓe, ranar kai wasiƙa ta ƙarshe kafin Asabar ɗin da ake jefa ƙuri'a, Valda ta kan bar babbar hanya ta shigo har gida. In ba ranar zaɓe ba kuwa ƙafarta ba ta taka wurin.

Takardun biyu ne. Koriyar ƙarama ce, ta ɗan majalisar yanki, kafin shayi ya huce an gama. Farar ta majalisar dattawa ita ce dukiyar Clem. Ta fi teburinsa tsawo, sai ya danne gefe ɗaya da kwalbar gishiri, ɗayan da gwangwanin sukari. Akwai layi baƙi da ya raba ta gida biyu. Sama da layi jam'iyyu ne, ka sa lamba shida ka tashi ka kama harkarka, haka duk mai hankali ke yi. Ƙasa da layi kuwa sunan kowane ɗan takara ne ɗaya bayan ɗaya, har da na jam'iyyar masu kamun kifi, da na masu ƙin haraji, da wani bawan Allah da ke tsayawa shi kaɗai duk zaɓe don a dawo da jirgin ƙasa. Clem ƙasa da layi yake bi, kuma sai ya ba kowa lambarsa daga na farko har na ƙarshe. Da aka sassauta doka aka ce sha biyu ma sun isa, Valda ta kawo masa labarin da kanta. Ya ce, "Ba adalci ba ne." Ya ci gaba da abinsa.

Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda sunansa ya yi kama da na dokin kirki yakan sa shi sama, wanda ya yi kama da na wani da ya taɓa barin ƙofar shinge a buɗe ya tura shi ƙasa. Abin da yake so shi ne, muddin fensir na hannunsa Valda ba ta da ikon tashi. Takan juya kujera ta ba shi baya, ta fuskanci taga da kofinta, ta yi ta zuba: wa ya haihu, wa ya sayar da gona, wace ce ta rina gashi ya fito shuɗi. Shi kuwa ya sa lamba, ya huta, ya feƙe fensir, yana jin muryarta ta cika masa ɗakin. Wannan rabin yinin shi yake ci har wani zaɓen. Shekarar da aka yi ƙuri'ar raba gardama, wadda kalma ɗaya tak ake rubutawa, e ko a'a, sai da ya kai la'asar yana nazari, har Valda ta ce, "Kai, ko limamin coci bai yi wa aurenmu wannan tunanin ba."

Bana aka sa zaɓe a watan Mayu. Ana saura mako biyu ya buɗe firijin bakin hanya, sai ga motar Valda ta tsaya, abin da ba ta saba ba. Ba ta kashe inji ba. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ƙarshen wata zan ajiye aikin nan. Zan koma Port Lincoln wurin Noreen." Noreen yayarta ce.

Clem ya ce, "To."

Motar ta tafi, shi kuwa ya daɗe a tsaye da ƙofar firiji a hannu. Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da raƙumi ya bi shi. Port Lincoln bakin teku ne, tafiyar yini guda, kuma can babu mai barin hanya ya shigo gidan kowa don ƙuri'a. Za a ba wani aikin wasiƙu, wani zai sa masa hannu a kan bonet ya wuce. Ya gane sarai cewa zama ɗaya ya rage masa da matarsa a duniya, kuma in bai buɗe baki a wannan zaman ba shi ke nan.

Ya shirya. Ya share gidan, ya wanke labule, ya aske gemu har ya yanke haɓa. A bakin shinge ya dinga gwada maganar da ƙarfi. Ya fara da doguwa, ya ga ba za ta fita ba, ya yi ta rage ta har ta koma "Kada ki tafi." Duk lokacin da ya faɗa sai Dolly ta zauna ta kafa masa ido, ta ɗauka da ita yake.

Ranar Alhamis Valda ta iso a makare. Gaban motar ya lotse a gefen hagu. Clem ya duba wurin, ya shafa, ya dube ta.

Ta ce, "Ginshiƙin ƙofar gonar su Pfeiffer ne. Sun matsar da shi ba su gaya wa kowa ba. Me kake kallo? Lallai, yau har da aski? Wa ya mutu?"

Ya ɗora ruwa. Ya buɗe ambulan ya nuna mata takardun babu rubutu, ta ce ta gani tun kafin ya gama warware farar. Ta juya kujerarta ta fuskanci taga. Ya gama da koriyar. Ya danne farar da gishiri da sukari, ya yi wa kansa alkawari cewa in ya kai lamba goma zai faɗa.

"Ka ji Bev ta gidan waya ta sake aure? Da mutumin nan mai haƙa rijiya, mai kunne kamar murfin tukunya. Na ce mata, ke Bev, ba ki gaji ba? Ta ce ai wannan yana magana. Na ce to ki riƙe shi da hannu biyu, irinsu sun yi wuya a ƙasar nan."

Ya kai goma. Ya ga ba a katse mutum a tsakiyar labari, ya ɗaga zuwa ashirin.

"Noreen ta ce ta gyara mini ɗakin baya. Wai ana jin teku daga ciki. Ni me zan yi da teku? Ruwa ne ba a sha, ba a ba dabba. Ga mijinta da tari, tun da aka yi auren yake mutuwa bai gama ba. Kana ji na kuwa?"

"Ina ji."

"Ka kai ina?"

"Masu kamun kifi."

"Allah ya ba su sa'a. Miƙo biskit ɗin nan."

Ya wuce ashirin, ya wuce talatin. Ya feƙe fensir sau biyu ba don ya dushe ba. Ya buɗe baki sau ɗaya, iska ta fito, Valda ta ce, "Me ka ce?" ya ce, "Shayi ya huce." Ta ce ita haka take son sa. Rana ta sauko ta shigo ta tagar ta kwanta a kan furfurarta. Bai taɓa lura gashin ya yi fari haka ba, don kullum a cikin hula yake ganinta. Sunaye suka yi ta ƙarewa a ƙarƙashin hannunsa, har ya rage mai jirgin ƙasa shi kaɗai. Clem ya daɗe yana duban ɗan gurbin lambar da ke gefen sunan. Ba shi da wani wanda zai ɓoye a bayansa kuma. Ya sa masa lambar ƙarshe, ya naɗe takardar, ya cusa a ambulan, ya liƙe, ya sa hannu. Ya ji haushin kansa kamar ya fita ya kwanta a gaban motar.

Ya ce, "Na gama."

"Yau ka yi sauri, ko rana ba ta faɗi ba." Ta juyo da kujera, ta karɓi biro. Ta jawo ambulan gabanta. Sai ta karkata kai gefe kamar kaza na duban hatsi, ta matso da shi kusa, ta mayar nesa. Ta ɗora bakin biro a kan adireshin hukumar zaɓe za ta fara rubutu.

Clem ya ce, "Ba nan ba."

"Na sani. Gwada biron nake yi." Ta matsar da hannu, ta sauka a inda shi ya riga ya sa nasa.

Ya kama yatsanta ya kai shi kan layin mai shaida. Rabon da ya taɓa hannun nan har ya manta. Ta sa hannu, rubutun ya hau tudu ya gangara. Ta ajiye biro, ba ta ɗago ba, kuma a karo na farko tun da ya san ta ɗakin ya yi shiru da ita a ciki.

Can ta ce, "Tsakiyar idon ce ke tafiya. Duka biyun. Gefe ina gani, amma duk abin da na kalla kai tsaye sai ya ɓace. Yanzu haka ina ganin kunnuwanka, fuskar ce babu. Ba wata babbar asara ba ce." Ta ja hanci. "Likita ya ce ba ya dawowa. Bev ke ɗaure mini wasiƙun gida-gida, ta ɗauka lalaci ne. Hanya kuwa na haddace ta. Su Pfeiffer ba su matsar da komai ba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Kada ka dube ni haka, ko ban gani ba ina ji." Ta share ido da bayan hannu. "Tawa ƙuri'ar na cikin mota, ko buɗewa ban yi ba. Sunayen sun yi mini ƙanana. In na ce wani a gari ya karanta mini, kafin dare an karɓe mini makulli, ni kuwa ina so in kai ƙarshen wata da mutuncina. An ce mai shaida na iya cike wa wanda ba ya gani. Na ce bari in kawo wa wanda na tabbata ba zai gaya wa kowa ba."

Clem ya tashi ya fita. Ya ɗauko ambulan ɗinta daga gaban mota, ya zare makullin ya sa a aljihunsa. Ya dawo ya zauna, ya ajiye ambulan a tsakaninsu.

Ya ce, "Kada ki tafi."

Valda ta juya kai gefe don ta gan shi da kyau. "Me ka ce?"

"Kada ki tafi, Valda. Ki zauna nan. Ni zan gani miki."

"Ikon Allah. Ashe akwai kalmomin a cikinka." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba. "Ka san tsawon lokacin da na jira wannan? Na jira har na daina jira, na koma jiran zaɓe kamar wata sakarya. Kana tsammanin ban san abin da kake yi da masu kamun kifin nan ba?"

Clem ya dubi fensirin da ke kan tebur.

"A'a, Clem. Ba zan zauna ba. Makauniya a gidan da maciji ke kwana a bakin ƙofa, kai kana can bakin shinge kwana da kwanaki, likita kuma sai jirgi ya kawo shi? Da ido biyu ma wurin nan ya kusa kashe ni. Port Lincoln zan tafi." Ta laluba ta sami kofinta. "In da gaske kake, kai ka zo."

Clem ya dubi taga. Daga nan ana hango shingen, ya miƙe ɗoɗar har inda ido ya ƙare. Bai san wani aiki ba, bai san wani wuri ba.

Ta ce, "Kada ka amsa da sauri, ka ji abin da ke can tukuna. Akwai maƙwabta ta kowane gefe, kuma suna gaisuwa. Akwai Noreen. Akwai mijin Noreen. Zaɓe ma ba a ambulan ake yi ba, sai ka je makarantar firamare ka bi layi da jama'a, ana gasa nama a bakin ƙofa, kowa na tambayarka ya gida. Kuma sai ka amsa."

"Zan amsa."

"Kullum fa, ba sau ɗaya a shekara uku ba."

"Na ji."

"Karyar nan kuma ba ta hawa mini gado."

"To."

Valda ta juya kofin a hannu. Sannan ta tura masa ambulan da ɗan yatsa. "Buɗe. Asabar ba ta jiran kowa."

Ya buɗe. Ya karanta mata sunayen koriyar, ta faɗi lambobinta, ya sa. Ya warware farar, ya danne gefe da gishiri, gefe da sukari, ya ɗauki fensir ya duba bakinsa.

Ya ce, "Sama da layi ko ƙasa?"

"Sama," in ji Valda. "Mun ɓata lokaci da yawa."